Waiwaye: Rayuwar A. W. Banfield, ɗan cocin Mennonite da ya yi wa Nufanci ƙamus

Matafiyin da ya tashi daga Abuja zuwa Ilorin ta hanyar Bida da Mokwa da Jebba zai riƙa cin karo da allunan coci masu ɗauke da haruffa huɗu, UMCA. Haka ma wanda ya nufi Yawuri ko Zuru ta Kwantagora. Kaɗan ne daga cikin masu wucewa suka san cewa asalin wannan coci yana komawa ne ga wata ƙaramar ɗariƙar Kirista da ake kira Mennonite, kuma wanda ya aza mata tubalin farko a Najeriya wani saurayi ne ɗan ƙasar Kanada mai suna Alexander Woods Banfield.

Banfield ya zo ƙasar Nupe yana da shekara 23 da niyyar mayar da mutane addininsa. Ta wannan fuska bai samu abin da ya yi fata ba, domin Nufawa sun ci gaba da riƙe Musulunci, kuma har yau su ne mafi rinjaye a can. Abin da ya bari mai ɗorewa yana kan takarda: ƙamus mai juzu'i biyu, da littafin nahawu, da tarin karin magana, da fassarar Littafi Mai Tsarki, da kuma wata maɗaba'a da ya kafa a bakin Kogin Neja. Don haka ne ake ambaton sunansa a duk inda ake nazarin harshen Nufanci, ko a wurin waɗanda ba ruwansu da aikin mishan.

Su wane ne Mennonite?

Tushen wannan ɗariƙa yana birnin Zurich na ƙasar Suwizalan. A watan Janairun 1525, lokacin da Turai take cikin guguwar ballewa daga cocin Katolika, wasu almajiran Littafi Mai Tsarki suka yanke shawarar cewa baftismar da ake yi wa jarirai ba ta da tushe, domin a ganinsu bangaskiya zaɓi ce da mutum yake yi da hankalinsa bayan ya girma. Suka yi wa junansu baftisma a gidan ɗayansu, Felix Manz. A wancan zamani rajistar baftisma ita ce kamar rajistar zama ɗan ƙasa, saboda haka hukuma ta ɗauki lamarin a matsayin tawaye. A 1527 aka nutsar da Manz a Kogin Limmat, kuma dubban mabiya suka bi bayansa a hannun hukumomin Katolika da na Furotesta baki ɗaya.

Sunan da ɗariƙar ta shahara da shi ya fito ne daga Menno Simons, wani limamin Katolika a yankin Friesland na ƙasar Holan. Ya ajiye limanci a 1536, jim kaɗan bayan wasu masu tsattsauran ra'ayi daga cikin masu sake baftisma sun ƙwace birnin Munster da makami, abin da ya ƙare da zubar da jini mai yawa. Menno ya tattara ragowar mabiya a kan tafarkin ƙin ɗaukar makami ko da don kare kai. Sarki Charles na Biyar ya sa lada a kansa a 1542, amma ya yi shekaru yana ɓuya yana wa'azi da rubutu har ya rasu a kan gadonsa a 1561.

Aƙidun da suka gada daga gare shi a bayyane suke. Ba sa yi wa yaro baftisma sai ya mallaki hankalinsa. Ba sa shiga yaƙi. Ba sa rantsuwa, domin suna ganin maganar mai bi ta isa ba tare da ita ba. Suna raba coci da gwamnati, suna ƙin ado da alfahari, kuma ikilisiya ce take ɗaukar nauyin gwauraye da marayu da wanda gobara ta cinye wa gida. Wanda ya kauce wa hanya a yi masa nasiha, in ya ƙi ji a ware shi. Gudun tsanantawa ya kai su Pennsylvania ta Amurka tun daga 1683, daga baya wasu suka haura zuwa lardin Ontario na Kanada.

A nan ne reshen da Banfield ya shiga ya tsiro. A 1883 wasu ƙungiyoyi da suka ga tsoffin ikilisiyoyin sun cika killace kansu suka haɗe a ƙarƙashin sunan Mennonite Brethren in Christ, bisa jagorancin mutane irin su Daniel Brenneman na Indiana da Solomon Eby na Ontario. Sun ɗauki salon tarurrukan farkawa na 'yan Methodist, suna yin baftisma ta hanyar nutsar da mutum cikin ruwa, suna barin mata su yi wa'azi, suna kuma buɗe ƙananan majami'u a unguwannin talakawa na birane. Wannan fita daga ƙauye zuwa birni ita ce ta haɗa su da Banfield.

Daga Toronto zuwa Patigi

An haifi Banfield a Kanada ranar 3 ga Agustan 1878. Ya koyi aikin injiniya, kuma a Toronto ne ya haɗu da wannan ɗariƙa yana saurayi. A birnin kuwa akwai wani mutum mai suna Rowland Bingham wanda ya daɗe yana neman ƙofar shiga ƙasar da Turawa suke kira Sudan a lokacin, wato yankin da ya haɗa da arewacin Najeriya ta yau. Bingham ya gwada a 1893 tare da Walter Gowans da Thomas Kent. Kent ya rasu a Bida, Gowans ya rasu a Girku ta ƙasar Zazzau, shi kaɗai ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kora shi.

A karo na uku, a 1901, aka tura mutum huɗu: E. A. Anthony, wanda shi ma ɗan cocin su Banfield ne, da Charles Robinson, da Albert Taylor, da Banfield. Sun hauro Kogin Neja ta Lokoja, suka sauka a Patigi a 1902, suka kafa tashar farko ta ƙungiyar da daga baya aka sani da SIM, uwar cocin ECWA ta yau. Kafin shekara biyu ta cika ɗaya ya rasu, biyu kuma ciwo ya sa an mayar da su gida. Banfield kaɗai ya rage.

Wannan kaɗaici shi ne ya zama makarantarsa. Ba shi da wanda zai yi wa Turanci, ba shi da tafinta da zai dogara da shi kullum, dole ya zauna da masunta da manoma da 'yan kasuwa yana saurare yana rubutawa. Cikin ɗan lokaci bakinsa ya faɗa Nufanci har mutanen wurin suka yi masa laƙabi da farin Banufe, laƙabin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙasar da ya tarar

Banfield ya iso ƙasar Nupe ne tana cikin jinyar rauni. A watan Janairun 1897 sojojin kamfanin Royal Niger Company, ƙarƙashin George Goldie, suka ci Bida da yaƙi. Bayan haka aka raba yankin kudancin kogi daga ikon Bida, aka naɗa sarki a Patigi daga tsohuwar zuriyar Tsoede, wadda ta yi mulki kafin zuwan gidan Malam Dendo. A 1901 Frederick Lugard ya sake tura sojoji Bida ya tuɓe Etsu Abubakar, sannan Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903.

A nan akwai wani abin lura da bai kamata a tsallake ba. Cocin da aka gina a kan ƙin makami da nesanta kai daga gwamnati ta samu shiga wannan ƙasa ne bayan bindigogin Turawan mulkin mallaka sun share hanya, kuma a idon talakan Nupe da wuya a bambanta Baturen mishan da Baturen mulki. A ɗaya gefen kuma, gwamnatin da ta buɗe ƙofar ita ce ta taƙaita musu tafiya, domin Lugard ya yi wa sarakunan Musulmi alkawarin ba zai tsoma baki cikin addininsu ba, jami'ansa kuma ba su cika son ganin 'yan mishan a manyan biranen masarautu ba. Banfield ya yi dukkan aikinsa ne a tsakanin waɗannan abubuwa biyu.

Shonga

Da ya koma Kanada hutu, Banfield ya zagaya ikilisiyoyin ɗariƙarsa yana ba da labarin abin da ya gani. A 1905 ya wallafa wani littafi mai hotuna a kan rayuwar Nufawa, wanda aka buga a garin Berlin na Ontario, garin da aka sake wa suna Kitchener a 1916. Kamar sauran rubuce-rubucen 'yan mishan na wancan zamani, an yi shi ne domin jan hankalin masu ba da taimako a gida, kuma da wannan ido ya kamata mai karatu na yau ya dube shi. A shekarar ce kuma ya auri Althea Dickson.

Jawabansa sun sa shugabannin cocin a Ontario suka yanke shawarar buɗe aikin mishan nasu na kansu maimakon tura mutanensu ta hannun wasu. Banfield da matarsa suka dawo Najeriya a 1905 suka kafa tasha a Shonga, wadda Nufawa suke kira Tsonga, a yankin da yanzu yake cikin Ƙaramar Hukumar Edu ta Jihar Kwara. Iliminsa na injiniya ya yi masa rana wajen gine-gine, kuma rabuwarsa da ƙungiyar Bingham ba ta zama gaba ba, domin sun ci gaba da aiki tare. Da layin dogo daga Legas ya iso Jebba a 1909 ya kuma ci gaba zuwa arewa, mishan ɗin ya bi shi ya buɗe tashoshi a Jebba da Mokwa.

Aikin harshe

Ba Banfield ne ya fara rubuta Nufanci ba. Malaman Musulunci sun riga sun yi amfani da ajami wajen rubuta shi. Samuel Ajayi Crowther ya wallafa littafin koyon karatu na Nufanci a 1860, da nahawu da jerin kalmomi a 1864, kuma ma'aikatan CMS irin su Henry Johnson sun fassara wasu sassa na Linjila tun a ƙarni na 19. Bambancin Banfield yana cikin zurfi da yawa, da kuma yadda ya ɗauki abin da muhimmanci har ya mayar da shi babban aikin rayuwarsa.

Wahalar Nufanci ga baƙo tana cikin karin sauti. Bahaushe ya san bambancin kuka na hawaye da kuka ta miya, inda haruffa ɗaya ne amma hawa da saukar murya suke raba ma'ana. Hausa tana da manyan matakai biyu na karin sauti, na sama da na ƙasa, Nufanci kuwa yana da uku, har da na tsakiya. Misalin da masana harshe suka saba kawowa shi ne gaɓar ba: da muryar sama tana nufin yin tsami, da ta tsakiya tana nufin yanka, da ta ƙasa kuma tana nufin yin addu'a. Ga kuma sautuka irin su gb da kp waɗanda babu su a Turanci. Mai fassara littafin addini da ya yi sakaci da wannan yana iya rubuta saɓo alhali yana nufin ibada. Saboda haka Banfield ya lazimci sa alamomin karin sauti a kan kalmomin ƙamus ɗinsa, abin da ya sa littafin ya amfani waɗanda suka zo bayansa.

Zuwa 1908 ya kammala fassarar Linjila huɗu, ya kuma ci gaba har ƙarshen Sabon Alkawari. Matsalar da ta biyo baya ita ce ta bugawa, domin aika rubutu Ingila a jira ya dawo yana cin watanni, kuma masu jera haruffa a can ba su san harshen ba balle su gane kuskure. Sai ya samo injin ɗab'i ya kafa maɗaba'ar Niger Press a Shonga a 1910, ya koya wa samarin wurin jera haruffa da sarrafa injin. Maɗaba'ar ta riƙa buga littattafai ga sauran ƙungiyoyin mishan a harsuna dabam-dabam, daga baya kuma ta koma hannun SIM aka ɗauke ta daga Shonga zuwa Minna, sannan Jos.

A wannan maɗaba'a aka buga ƙamus ɗinsa: juzu'i na farko, daga Nufanci zuwa Turanci, a 1914, na biyu kuma, daga Turanci zuwa Nufanci, a 1916. A tsakani, a 1915, ya fitar da littafin nahawu tare da J. L. Macintyre na CMS. Ya kuma tattara karin maganar Nufawa fiye da 600 ya fassara su. Idan aka tuna cewa babban ƙamus ɗin Hausa na G. P. Bargery bai fito ba sai a 1934, za a gane irin gaban da Nufanci ya samu a wancan lokaci.

Wannan nacewa a kan harshe tana da nasaba da aƙidar cocinsa. Ɗariƙar da ta ce babu baftisma sai mutum ya fahimci abin da yake karɓa, dole ta damu da ko mutumin zai iya karanta littafin da harshen da ya sha a nono. A tsarinta ba a kawo ƙauye guda a yi masa baftisma a rana ɗaya don sarkinsa ya yarda. Wannan ya sa yawan mabiya ya yi ta tafiyar hawainiya, ya kuma sa makaranta da littafi suka zama tsakiyar aikin.

Rabon yankuna, da abin da ya kai Keana

Mai karatu daga Jihar Nasarawa yana iya tambayar dalilin da ya sa ba a jin sunan Mennonite ko UMCA sosai a Lafia da Keana. Amsar tana cikin wata al'ada ta 'yan mishan na lokacin. Tun daga taron da suka yi a Lokoja a 1910, ƙungiyoyin Furotesta da ke aiki a Arewa suka riƙa zama suna daidaita yankunan aiki don kada su yi ta gasa a gari ɗaya. Mutanen Banfield suka tsaya a kwarin Neja da arewa maso yamma. Keana, garin gishiri na Alago, da Lafia da tsaunukan Mada suka kasance a hannun reshen Afirka ta Kudu na ƙungiyar SUM, wanda aikinsa ya haifi cocin da yanzu ake kira ERCC, mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga.

A can ma an yi irin wannan ƙoƙari na harshe, sai dai bai kai girman na Shonga ba. A. S. Judd na SUM ya wallafa taƙaitaccen bayani a kan harshen Alago a wata mujallar nazarin Afirka ta Landan a 1923. A yawancin wannan yanki Hausa ce ta zama harshen coci da makaranta, musamman bayan fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932. Kwatanta wuraren biyu yana nuna yadda zaman mutum ɗaya na shekara goma sha uku a kan harshe ɗaya yake iya sauya rabon wannan harshe a fagen rubutu.

Legas da komawa gida

A 1915 ƙungiyar British and Foreign Bible Society, mai buga Littafi Mai Tsarki a harsunan duniya, ta ɗauke shi ya zama sakatarenta na Afirka ta Yamma, da mazauni a Legas. Ya yi shekara 15 a wannan aiki yana yawo a ƙasashen yankin ta ruwa da ta ƙasa, yana duba ayyukan fassara, yana ba masu fassara shawara, yana tsara yadda za a kai littattafai inda ake buƙatarsu. Duk da haka bai saki Nufanci ba, ya ci gaba da fassarar Tsohon Alkawari.

Rashin lafiya ya mayar da shi Kanada a 1930, inda ya ci gaba da hidimar coci a Toronto. Ya rasu ranar 22 ga Nuwamban 1949 yana da shekara 71. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Nufanci, wanda aka gina a kan aikinsa, ya fito a 1953, shekara huɗu bayan rasuwarsa.

Abin da ya biyo baya

Mishan ɗin da ya kafa ya samu sabon tsari a 1921 da sunan United Missionary Society. Ya bazu zuwa Share da Igbeti cikin Yarabawa, ya kuma haura zuwa Salka da Zuru da Yelwa da Tungan Magajiya, cikin Kambari da Dakarkari da Dukawa, inda ya samu mabiya fiye da waɗanda ya samu a ƙasar Nupe, kuma inda ake yawan yin sujada da Hausa. Daga nan cocin UMCA ta fito, da hedikwatarta da kwalejinta ta tauhidi a Ilorin. Uwar cocin a Amurka da Kanada ta cire kalmar Mennonite daga sunanta a 1947, shi ya sa da yawa daga cikin mabiyanta a Najeriya ba su san wannan asali ba.

Sunan ya sake shigowa Najeriya ta wata ƙofa dabam a ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wasu ikilisiyoyi masu zaman kansu a yankin Uyo suka nemi alaƙa da Mennonite na Amurka, aka tura musu Edwin da Irene Weaver a 1959. A arewa maso gabas kuma akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda ta faro daga Garkida a 1923. Ba Mennonite ba ce, amma tana tarayya da su a baftismar manya da aƙidar ƙin tashin hankali.

Game da Banfield kansa, masu nazari suna iya saɓawa a kan manufar zuwansa da kuma inuwar mulkin mallaka da ya yi aiki a ƙarƙashinta. Babu saɓani a kan amfanin ƙamus ɗin. An sake buga shi a Ingila a 1969, kuma masu nazarin Nufanci na baya, har da Nufawa Musulmi da Kirista, daga kansa suke farawa, suna gyara masa kurakurai suna ƙara kalmomi. Sashe na 55 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ambaci Hausa da Igbo da Yarabanci kaɗai a matsayin harsunan gida da Majalisar Tarayya za ta iya aiki da su. Sauran ɗaruruwan harsunan ƙasar nan, da Nufanci da Alago a cikinsu, rayuwarsu a rubuce ta dogara ne ga wanda zai zauna ya tattara kalmominsu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka yi a Patigi da Shonga tsakanin 1902 da 1916.